Inda Iya Mai Daddawa Take Kwana

Ɗakin Iya mai daddawa ya faɗi ne wata ranar Talata bayan la'asar, cikin ruwan watan takwas. Ina tsintar shinkafa na ji wani gif, kamar an jefo buhu daga kan mota. Da muka fita, muka tarar da ita tsaye a tsakar gida da buta a hannu, tana kallon tsibin ƙasa. Alwala ce ta fito da ita. Gadonta da kwallayenta da tukunyar kalwa duk suna ƙarƙashi.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata, a ƙauyenmu na bayan Ɗansoshiya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta namiji ya sayar da gonar gado ya tafi kudu neman aiki, shekara ta farko ana jin muryarsa a waya, daga nan shiru. Ɗakin ƙasa kuwa duk rani yake son yaɓe, ita kuma babu mai hau mata. Muna ganin tsagar bangon tana buɗewa, muna cewa bana dai ya kamata a taimaka wa Iya, har damina ta sake faɗuwa.

Garin bai yi banza da ita ba. Washegari mai unguwa ya tara maza a ƙofar masallaci, aka yanke cewa za a yi mata gayya a tayar da sabon ɗaki, amma sai bayan kaka, don tubali ba ya bushewa a damina. Mu mata muka raba kwanaki, kowane gida da ranar da zai kai mata kwano. Wata ta ba ta zane, wata tabarma, matar liman ta ba ta bargo.

Saura wurin kwana. Ni na yi mata magana, tana zaune gindin darbejiyar ƙofar gidanta.

"Iya, ki dawo ɗakina mana, mu matsa."

"Ke da 'ya'yanki kamar 'yan tsaki, ina za ki sa ni, a kan rumbu?" Ta yi dariya. "Bar shi, 'yar nan. Wajen waccan zan riƙa zuwa."

Waccan ita ce 'yarta ta fari, wadda ko sunanta ba ta faɗa. Tana aure a wani ƙauye kan hanyar Yako, tafiyar da ba ta fi ƙarfin ƙafa ba. Na ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ban sake tambaya ba. A wurinmu ba a maimaita wa babba magana, sai ya zama kamar kana ƙaryata shi.

Amma zan rubuta abin da ban taɓa faɗa da baki ba. Babu wanda bai san Iya ba a garin nan. Shekara goma sha da auren 'yarta, ko ruwan gidan surukinta ba ta taɓa sha ba. In ta hango shi a hanya, cikin gona take ratsewa. Ranar sunan jikanta ma a gidan maƙwabta ta yini. Mun san wannan duka. Da ta ce can za ta riƙa kwana, sai na ji sauƙi a raina, don ɗakina yana yoyo ta kusurwa biyu, yara biyar kuma a tabarma ɗaya. Na karɓi maganar da hannu biyu.

Kullum da hantsi sai a gan ta gindin darbejiya, a kai mata kwano, ta sa albarka. Bayan la'asar ta naɗe tabarma da bargo ta ɗora a kai, ta nufi hanyar Yako. Tari ya fara kama ta, muka ce sanyin damina ne, na dafa mata citta da kanumfari. Haka muka yi kusan wata biyu.

Wata Bafulatana mai kawo mana nono daga rugar bakin rafi ce ta fasa maganar. Tana auna mini, ina yi mata tsiya cewa ta tsuga ruwa.

"Ruwan sama ne, a ce ya daina mana," in ji ta. "Ku Haɓe kun iya ganin ruwa a nono, ga tsohuwarku can ruwa yana kwana a kanta ba ku gani ba."

"Wace tsohuwa?"

"Mai tarin nan. A bukkar masu lambu. Kullum in na wuce da safe sai na zuba mata ludayi biyu. Na ɗauka laifi ta yi muku."

Ban ko ɗauki mayafin kirki ba. Bukkar tana bayan gonakin dawa, ta kara ce, masu tumatir suke zama a ciki da rani, da damina babu mai leƙa ta. Ashe in ta kama hanyar Yako, da ta ɓace wa idon mutane sai ta zagayo ta cikin dawa. Na same ta a kwance, ranar ta kasa tashi. Ta jera duwatsu ta ɗora tabarmar a kai saboda laima. Bargon ya jiƙe ya yi nauyi, ta rataya tsohon buhun taki a inda ya fi zuba. A gefe ga butarta da carbi, da kwanona na jiya, ta wanke shi tas ta kife.

"Ke ce?" ta ce. "Wa ya aiko ki? Kada ki tara mini jama'a."

"Iya, me ya sa?"

"Kwana nawa ya rage a yanke dawa? Na kusa ai."

Na goya ta kamar yarinya, ba ta da nauyi. Maigida ya nemo mai acaɓa, na zauna a bayanta na riƙe ta har asibitin Kiru. Suka ce sanyi ya ci ƙirjinta, an makara da kawo ta.

Da azahar 'yarta ta iso da goyo a baya. Kafin ta ƙarasa wurin gadon sai ta durƙusa a gabana ta kama hannuna.

"Yaya, Allah ya biya ki. Iya ta aiko mini tun ranar da ɗakin ya faɗi, ta ce kada in damu, a ɗakinki take, har gadonki kika bar mata. Abin da ni na kasa, ke kin yi."

Na buɗe baki. Iya ta juyo da kai daga kan filo ta zuba mini ido. Na gane abin da take roƙo. Na ce wa 'yar, "Ba komai, ai uwa ce."

Kwana huɗu Iya ta yi a asibitin, ta cika. A ɗakina aka yi mata wanka, shi ne shigarta ta farko ciki da niyyar kwanciya.

Bayan kaka ba a yi gayya ba, babu wanda za a gina wa. Tsibin ƙasar yana nan, kabewa ta yaɗu a kansa. Maigida da mai unguwa sun san inda na ɗauko ta, muka yi shiru gaba ɗayanmu, 'yar kuma babu wanda ya iya gaya mata. Abu ɗaya ya canja. Bara da ɗakin wani tsoho ya tsage, tun watan uku samari suka hau suka yaɓe shi, ba a jira taro ba.

Duk shekara in an yi girbi, 'yar takan aiko mini da ƙullin daddawa, irin wadda uwarta ta koya mata, da saƙon cewa ba za ta manta da ni ba. Ina karɓa in yi godiya. Ban taɓa iya sa ta a miyata ba, maƙwabta nake raba wa. Ta bana ta iso shekaranjiya, tana nan cikin kwano a kan kabad.