Baitin Ƙarshe na Kaka

Wallahi ranar kamar in tashi sama. Ina dawowa daga makaranta, mai keke ya saka wata sabuwar waƙa, kiɗa na dukan ƙirji. Kafin mu kai Fezzan na gane ta. Waƙen kakana ne, wanda ya tsara tun yana kiwo, kan shanunsa da fari ya cinye. Wasu gayu ne a wani situdiyo a Jiddari Polo suka ɗora masa kiɗa. Nan take na tura wa kowa a waya: kakana ne fa!

Na same shi a zaure, na kara masa wayar a kunne.

"Kaka, ka fashe! Gari ya ɗauka!"

"Kai dai ka cika surutu, aboki. Bari in ji."

Ya saurara, leɓensa na bin baitocin. Da kiɗan ya tsaya sai ya ce, "Saura."

"Ta ƙare, Kaka."

"Ina! Mai waƙe ba ya rufewa sai ya faɗi sunansa da na mahaifinsa."

Ashe sun yanke wannan baitin, wai ya yi tsawo. A gurbinsa sunan mai haɗa kiɗan ne. Na tura musu saƙo, ko buɗewa ba su yi ba.

Na ce to ya rera min baitin, in ɗauka in watsa da kaina. Ya gyara zama, ya fara, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Abokansa da suka haddace waƙen duk sun rasu.

"Kashe wayar, aboki," ya ce.