Bututun Maharazu Mai Aski

Ina cikin takabar Malam iska ta kwashe zana guda daga dangar gidana, daidai gefen da ke kallon hanyar kasuwa. Ranar Lahadi ce kuwa, Illela ta cika, duk mai jaki da mai raƙumi in ya zo wucewa sai ya leƙo ya gan ni da tasbaha a tsakar gida. Ba ni da ɗa namiji kusa. Maharazu mai aski, da rumfarshi ke bakin lungunmu, ya zo da wata ƙatuwar takarda da igiyar kaba ya toshe wurin, bai ko yi mani magana ba. Daga ciki fara ce fat. Sai da na fita takaba na zagaya waje, sannan na ga abin da mutane ke kallo a dangata duk watannin nan. Wani Ba'indiye ne da bindiga a hannu, ruwa ya cinye mashi rabin fuska.

Na ce, "Maharazu, mi ne ne wanga?"

Ya ce, "Inna, na juya shi waje don kar shi hana mala'iku shigo maki gida. Dama ya lalace."

Wannan kalma, dama ya lalace, na ji ta a bakinshi fiye da sallama.

Mutumin Amarawa ne, gajere, mai sanƙo tun yana saurayi. A Ƙwanni, ƙetaren boda, ya koyi askin almakashi da inji, can kuma ya ɗauko ciwon hotunan silima, irin manyan nan da ake liƙawa a ƙofar gidan kallo. Bai cika shiga kallon ba, ya ce duhu na sa shi barci. Hoton yake so. Yakan jera su a bangon rumfa, samari su zo su nuna da yatsa su ce irin wancan suke so. Ni dai ban taɓa ganin yadda sumar Bahaushe za ta kwanta kamar ta mutanen nan ba, amma ba a tambaye ni ba.

Da can da keke yake zuwa Ƙwanni ya karɓo tsofaffin da anka ɓamɓare daga bango, da tabon kamu da kashin ƙuda. Shekarar da anka rufe boda wannan hanya ta mutu. Sai ya tuna matarshi Jamilatu tana da wa a Kano, Mukhtari, mai share wani gidan silima. Mukhtari ya aiko cewa can har sababbi ake samu, waɗanda ba su taɓa ganin bango ba. Daga ranar Maharazu ya sa wa ranshi abu guda: ya ga hoto ɗaya tal, lafiyayye, yadda ya fito daga inda anka buga shi.

Na farko ta gidan waya ya zo. Mukhtari ya ninke shi har ya shiga ambulan, wani kuma can a hanya ya danna hatimi da ƙarfi har ya fito a hancin jarumin. Layin ninkin ya ratsa sumar tun daga kunne har kunne. Maharazu ya goge shi da dutsen guga, layin ya ƙara fitowa. Ya liƙa shi a haka. Wani yaro mai sayar da fetur ya zo ya nuna ya ce, "Awa wanga nike so, kar ka rage komi." Maharazu mutum ne mai amana a aiki. Ya aske, ya tsaga mashi layi daga kunne zuwa kunne. Kafin sallah ƙarama rabin samarin garin nan da layi suke yawo, suna kiranshi askin ninki. Rumfa ta cika, shi kuwa fuskarshi kamar an yi mashi mutuwa.

"Inna, ƙarya nike aske ma ɗiyan mutane. Mutumen ga ba shi da layi. Mukhtari ne ya yi mashi."

Sai ya bar gidan waya ya koma wurin Dabo, direban da ke jigila tsakanin Kano da nan. Ya ce a sa hoto tsakanin kwali biyu. Kwali ya iso da zanen mazaunan mutum a kai, domin wani fasinja ya ga benci na da ƙusa. Ya ce to a naɗe a zura cikin gora. A wani shinge masu kaki sunka ga doguwar aba a toshe, sunka soka mata tsinken ƙarfe don su ji ko da wani abu ciki. Da anka warware, jarumin na da idanu a jere tun daga goshi har ƙirji.

Sau ɗaya ya tafi da kanshi. Ya rungumo hoton a cikin riga tun daga Kano, bai ci ba, bai sauka ko'ina ba. Zufa ta yi abin da ruwan sama bai yi ba. Jamilatu ta ce sai da ta kankare mashi bakin wata 'yar rawa daga ciki da soso.

Dabarar tabarma ita ce ta kusa haɗa shi faɗa da Dabo. An shimfiɗa hoton tsakanin tabarmi biyu, an ɗinke baki, an naɗe. Bayan Gusau la'asar ta yi, fasinjoji sunka sauka, wani dattijo ya jawo tabarma mai kauri ya shiga gaba. Dabo ya ce duk sujadar da liman ya yi sai a ji ƙaras. Da anka sallame, dattijo ya farke ɗinkin ya ga a kan wa ya ɗora goshi. Mota guda sai da ta sake salla, dattijon kuma bai sake yi wa Dabo magana ba har Sakkwato.

"Ka ja mani zagi, Maharazu! Tsoho ya ce motata ta shaiɗanu ce."

"To kai ina kake har anka hau mani kaya?"

"Ina sahu na biyu."

A nan ne ni ma na shigo cikin maganar. Wata safiya ya yi sallama a ƙofata da tulin lalatattun hotuna, ya baje su a zaure. Ya ce in duba da kyau. A ƙasan wasu daga cikin na Indiya akwai 'yan baƙaƙe irin na larabci, sunan wasan ne da rubutunsu na can. Ko'ina ya ci wuya, amma wurin baƙaƙen nan ba ninki, ba sawun takalmi, ba maiƙo. Mukhtari in zai ninke sai ya kauce masu. Mai zama ma sai ya gusa.

"Kin gani, Inna? Ba kwali ba ne magani, ba gora ba ce. Mutanenmu ba su taka rubutu. Malam ya koya maki ajami, ki rubuta mani a ƙyalle in naɗe goran da shi."

Na ce zan rubuta, amma ba aya, ba sunan Allah, abin da ke gaskiya kawai. Na ɗauko tawadar Malam da ta bushe, na jiƙa ta, na rubuta a farin alawayyo: Kayan Maharazu mai aski, Illela. Kar a zauna. Kar a ninke. Kar a jiƙa. Ya karɓa da hannu biyu, har ni da na rubuta sai da na ji wani iri.

Ƙyalle ya tafi Kano, Mukhtari ya naɗe gora da shi. A dawowa motar Dabo ta mutu a Talatar Mafara, ya miƙa saƙon ga wani direba da bai san komi ba. Mutumin nan da ganin rubutu ya kashe taba, ya kashe kaset, ya ɗora goran a gabanshi bisa hularshi. Da a haka anka iso, da labarin ya ƙare. To a motar akwai wata mai tsohon ciki 'yar Gidan Katta, da uwar mijinta. Sun wuce Gwadabawa naƙuda ta taso. Tsohuwa ta waiga ta ga rubutu fari da baƙi a gaban direba, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta fizgo goran, ta tara kwano, ta juye mashi buta guda tun daga sama har ƙasa, ta ba yarinya ta sha. A gindin wata bedi, itacen dogon yaro, ta sauka lafiya, namiji.

Kalma ɗaya ta tsira a ƙyallen. Wani fasinja ya karanta masu, sunka ce ai sunan ya zo da kanshi. Yaron nan, Maharazu ake ce mashi.

Hoton kuwa ya sha ruwa ya manne da kanshi. Da anka warware a hankali, sumar jarumin ta bar kanshi ta liƙe a haɓar yarinyar da ke gefenshi. Shi ya koma mai sanƙo, ita ta yi gemu. Maharazu ya daɗe yana kallo. Jamilatu ta leƙo ta ce, "Yau dai an aiko maka da mai kama da kai."

Bayan suna uban jariri ya zo da cinyar rago, tsohuwar na biye, wai sai sun ga malamar da ta yi rubutun. Na zaunar da su na faɗa masu abin da na rubuta, kalma kalma, har da kar a jiƙa. Tsohuwa ta gyara lulluɓi ta ce, "Ke dai kin rubuta, mu mun sha, ya yi aiki. Ki yi mani na ciwon gwiwa." Na ce ta nemi man zafi. Daga nan na ɓoye tawadar, na yi istigfari, na ce wa Maharazu kar ya sake kawo mani ƙyalle.

Har anka buɗe boda bai ga lafiyayyen hoto ba. Abin da ya fi ci mashi rai, samarin Ƙwanni ne sunka riƙa ƙetarowa da kuɗin sefa a aljihu suna neman askin ninki, wai a nan ne asalinshi. Wanda ya koya mashi aski ma ya aiko a tambaye shi faɗin layin. Maharazu ya rame. Yakan zauna da almakashi a hannu yana kallon bango, sai wanda ke kan kujera ya yi tari.

Daga ƙarshe ya je wurin Halliru maƙeri. Sun yi kwanaki suna gardama, har Halliru ya ƙera mashi bututu da ƙarfen tsohuwar durom, tsawon hannu, da murfi. An shimfiɗa auduga ciki. A jikinshi anka yi 'yan ƙayoyi na ƙarfe don mai sha'awar zama. Ba rubutu ko ɗigo. An aika wa Mukhtari da kakin zuma, da umarnin ya wanke hannu, ya naɗe sabon hoto, ya zura, ya toshe murfin, kuma kar ya sa dabarar kanshi a ko'ina. Dabo ya ce kayan ya yage mashi kujera ya huda buhun gero biyu, amma ya kawo.

Na gan shi ranar da ya iso. Ko ƙwarzane babu, kakin na nan yadda anka shafa. Maharazu ya girgiza shi a kunne, bai ji komi ba. Ya sunsuna, ba warin ruwa. Mutane sunka taru a rumfa, Halliru ya kawo wuƙa. Maharazu ya ce a bari iska ta kwanta. Da iska ta kwanta ya ce hannunshi da maiƙo. Washegari ya ce ƙuda sun yi yawa. Haka bututun nan ya zauna rataye a rumfa damina guda, samari na zuwa suna nuna shi suna cewa a yi masu irin na ciki. Jamilatu ta rantse in bai buɗe ba za ta fasa shi ta ga kishin mi take yi da ƙarfe.

Ran nan da hantsi sai ga Maharazu a zaurena, ya naɗo bututun a cikin zanen gado saboda ƙayoyin. Ya ajiye a gabana kamar mai ajiye jinjiri. Abin da ya roƙe ni a ranar shi ya sa har yau kakin na nan a murfin, kuma duk haɗuwar da munka yi tun daga lokacin amsa ɗaya nake ba shi, ban yi ƙarya ba.

Ya ce, "Inna, ni ba ni iyawa. In na buɗe na iske Mukhtari ya ninke, ban san mi za ni yi ba. Ke kowa ya san ba ki ƙarya. Ki aje shi wurinki, ran da ba ni nan ki buɗe ki duba. In shina lahiya, ki ce mani lahiya."

Na ce, "In ba shi lahiya fa?"

"Sai ki yi shiru."

Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. Ya dawo ya durƙusa.

"A'a, shirun ma ganewa za ni yi. Inna, don Allah, duk ran da na tambaye ki, ki ce mani ba ki buɗe ba tukuna."