Ranar da Malam Buba Ya Tuɓe Babbar Riga

Har yau ban manta da ranar da muka je wani ƙauye a bayan Miga ba, shekarun farko bayan an ba mu jihar Jigawa. Lokacin ina ƙaramin bakanike a sashen ruwa a Dutse, aikinmu gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Ƙauyen kuwa da damina ambaliya kan yanke hanyarsa. In famfo ya lalace, sai shan ruwan kududdufi, yara su yi ta gudawa.

Shugabanmu, Injiniya Sabo, ya ce a koya wa mutanen gari gyara. A mota ya ja mini kunne: "Koyon nan shi Bature ke kira hands-on, wato mai koyo ne zai riƙe sifana, hannunsa ya yi baƙi. In na ga ka taɓa, ni da kai ne."

Mun ce dagaci ya zaɓo mutane. To, a wurinsu zaɓe girmamawa ce, sai ya turo dattawa cikin manyan riguna. Suka zauna a tabarma suna jiran kallo. Wa zai ce wa sa'an babansa ya tashi ya kwance noti?

Injiniya ya matsa kusa da famfon garin da ya lalace. Ya tuɓe rigarsa, ya durƙusa, ya kama noti yana nishi kamar ya gagare shi.

"Baba, ko za a kama mini? Ƙarfina ya kasa."

Malam Buba, babbansu, tsohon makiyayi, ya yi dariya. "Kai, 'yan birni! Ba ni nan."

Ya tuɓe tasa rigar. Ganin haka sauran suka miƙe. Kafin la'asar sun zaro bututu, sun sake roba, ruwa ya zubo. Ni dai baki kawai na sa, hannuna yana ƙaiƙayi.

Da hanya ta buɗe bayan damina, na koma da fargaba. Na tarar da mata a layi, famfo yana aiki. Ashe ya sake lalacewa a tsakiyar ambaliya, dattawan suka gyara abinsu.

A nan na gane mutanenmu ba ƙin aiki suke ba, hanyar shiga da mutunci suke nema. Na ɗauko sifana in duba, Malam Buba ya riƙe hannuna.

"Ɗana, ga tabarma can. Zauna ka yi kallo."