Ranar da Zabuwa ta dawo ba murya

Wannan damina ce ta huɗu tun da muka rufe kawuna Ila, ƙanen mahaifiyata, mai shagon hatsi a bakin kasuwar Sabon Birni. Shekarata goma sha biyu a lokacin. Yanzu na kusa gama sakandare, amma har yau in aka tsayar da ni gaban aji muryata rawa take yi. Kawu da kansa Malama Shiru yake kirana. Yakan ce bakina ya ba kunnena aron aikinsa. To abin da kunnen ya ji shi nake so in ajiye a wannan shafi, don waɗanda suka san Kawu, da waɗanda suka ji wata magana a kansa ba su ji ƙarshenta ba.

Kawu yana da baro guda uku da yake ba masu sayayya aro. Mutumin ƙauye ya sayi buhun gero ko gishiri, ya tura zuwa tashar Isa ko inda motocin Nijar suke lodi, ya ɗora kayansa a mota, ya bar baron a nan ya yi gaba. Da la'asar Kawu ya ja ƙofar shago rabi ya fita nema. Bai taɓa daɗewa ba, domin bai taɓa ɗiga wa tayar ko ɗaya mai ba. Kowane da kukansa, kowane da sunansa. Akwai Tsohuwa, mai nishi kamar mai ciwon baya. Akwai Kwaɗo, wanda yake ƙara sau ɗaya duk juyin taya. Sai Zabuwa, wadda kukanta yake ratsa kasuwa tun daga layin mahauta har masallaci. Ko yaran tasha ne suka ɗauke ta suna wasa, Kawu zai tsaya ya karkata kai, ya nufi wurin kai tsaye.

Alhaji Mamman, shugaban 'yan kasuwar layinsu, shagonsa yana kallon na Kawu. Kusan kullum sai ya yi ƙorafi.

"Ila, don girman Allah ka ɗiga ma wagga aba mai. Ta hana mu jin labaran rediyo."

Kawu ya yi dariya ya ce, "Alhaji, in na ɗiga mata, kai za ka riƙa gaya mani inda ta tahi?"

Sai daji ya lalace. Ba sai na yi wa mai karatu bayani ba, ba gidan da bai san abin da nake nufi ba a Gobir. Abin da ni na lura da shi, tun ina ƙarama, shi ne yadda baron da aka yasar a gefen hanya ya daina zama baro kawai. In aka gan shi da kaya a ciki ba kowa kusa, mata su fara salati, don ana zaton an ɗauke mai shi. In aka gan shi fanko a bayan gari kuma, sai maza su kalli juna, don an san da irinsa ake tura wa mutanen daji fetur da burodi da magani.

Daga nan shugabannin kasuwa suka kafa doka. Kowane mai shago ya rubuta sunansa da fenti a jikin baronsa. Ya san wanda ya ba aro. Kada baro ya kwana a waje. In kuma aka tsinci na wani a bayan gari, mai sunan ne zai je ya ɗauko da kansa, ya zo ya yi bayani. Wanda ya ƙi, a rufe shagonsa, kuma kowa ya san da wane ido za a riƙa kallonsa. Ban ga laifin waɗanda suka kafa dokar ba. Tsoro ne ya kafa ta, kuma tsoron gaskiya ne.

Ni Kawu ya miƙa wa buroshi, wai rubutuna ya fi nasa tsayuwa. Na rubuta ILA MAI HATSI da shuɗin fenti a jikin duka ukun. A jikin Zabuwa harafin ƙarshe ya zuba ya yi jela har ƙasa. Na so in goge, ya ce in bari, zabuwa ai da jela take.

Wata ranar kasuwa, Kawu ya dawo daga sallar azahar ya tarar Zabuwa ba ta nan. Bai ba kowa aro ba. Ya zaga tasha, ya zaga layin mahauta, ya bi lunguna har rana ta faɗi. Ya shigo gidanmu ya zauna a bakin ɗakin Inna, mahaifiyata, bai taɓa tuwon da aka ajiye masa ba.

"Yaya, garin ga duka na zaga," ya ce. "Ko sau ɗaya ban ji ta ba."

Washegari da hantsi wata Bafulatana mai kawo mana nono ta ce ta wuce wani baro mai shuɗin rubutu can bayan gonaki, a hanyar da ta nufi Gatawa, da jarkoki fanko a ciki. Kawu ya miƙe yana neman hularsa. Inna ta tare ƙofa.

"Ila, kak ka tahi. Ƙarfe na, a bar masu."

"Ba ƙarfe za ni ɗaukowa ba, Yaya. Sunana yana jikinta. In ta ƙara kwana can, mi za a ce na aika masu?"

Ya raɓa ta gefenta ya fita. A zaure ya tarar da ni, ya dafa kaina ya ce, "Malama Shiru, ki kasa kunne. Tun daga bakin gari za ki ji mu."

Na kasa kunne. Na zauna a dakalin ƙofar gida ban ko shiga cin abinci ba. Na ji awaki, na ji injin niƙa na layin baya ya tashi ya mutu, na ji kiran azahar, na ji na la'asar. Gero ya yi tsawo a shekarar, iska tana kaɗa shi daga nesa kamar ana zuba ruwa. Idona yana ƙasa ina kallon tururuwa suna jan ƙwayar dawa, sai inuwa ta rufe su. Na ɗaga kai. 'Yan sa-kai ne tsaye a gabana, ɗayansu riƙe da hannun Zabuwa. An lulluɓe abin da yake ciki da bargo, ƙafafu biyu sun fito ta gaba, ɗaya da takalmi ɗaya babu. Na san takalmin.

Sun zo har gaban ƙafata ban ji su ba. Da suka tura ta cikin zaure, tayar tana juyawa sumul, kamar tana tafiya a kan auduga. Kukan Inna ya tashi daga cikin gida, mata suka yi ta shigowa, ni kuwa ina durƙushe ina kallon wani ɗigo baƙi da ya faɗo daga ƙarfen taya ya zauna a kan turɓayar zaure.

Zaman makoki bai cika ba. Tabarmin maza rabi ne ya samu mutane. Magana ta riga ta zaga cewa Ila kaya ya kai wa mutanen daji suka saɓa a kan wani abu, in ba haka ba me zai kai baronsa can da jarkoki. Aka sa wa shagon kwaɗo. A makaranta yarinyar da muke zama benci ɗaya ta koma bencin baya. Inna ta sa aka kifa Zabuwa a bayan rumbu, don ba ta son ganinta.

Da aka watse daga addu'ar bakwai na samu Inna ita kaɗai tana tsince wake. Na ce, "Inna, Zabuwa ba ta kuka." Ta zaci zafin mutuwa ne ya taɓa ni, ta jawo ni jikinta. Na kama hannunta na kai ta bayan rumbu, na ɗora yatsanta a kan ƙarfen taya. Ta ɗago shi baƙi ƙirin. Ta sunsuna. Sannan ta ce a kira mata Alhaji Mamman.

Ya zo, ya tsaya daga bakin zaure yana ta gaisuwa ido a ƙasa. Inna daga bayan labule ta ce ba ta roƙonsa komai, ya tura baron nan daga rumbu zuwa rijiya kawai. Ya tura. Ya tsaya. Ya juyo da ita ya sake turawa, wannan karon da sauri. Ba abin da ake ji sai takun takalminsa. Ya saki hannun baron kamar ya taɓa wuta.

"Shekara da shekaru ina roƙon Ila shi sa mata mai," ya ce. "Ila bai sa ba. Wanda ya sa wanga, ba ya son a ji tahiyarshi."

Ya faɗi haka a kasuwa, ya faɗa a masallaci. Wasu suka yarda, wasu suka ce dattijo yana rufa wa maƙwabcinsa asiri ne. Amma akwai abin da ba wanda ya faɗa da ƙarfi, ni kuma nake juya shi a raina har yau. Baƙo ba zai zo satar baro da baƙin mai a aljihu ba. Wanda ya yi haka ya san Zabuwa, ya san kukanta, ya san lokacin da Kawu yake tafiya masallaci. Wataƙila ya zauna a kan tabarmin makoki. Wataƙila ni na miƙa masa ruwa.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce in ya ga kasuwar yau. Dokar tana nan, har an ƙara mata ƙarfi. Kowane baro ɗaure yake da sarƙa a bakin shago. Masu shago sun daina ba da aro sai ga wanda suka san gidansa, tsofaffi mata suna ɗaukar rabin buhu a ka zuwa tasha. Kuma kowa yana sa mai. Mutane sun koyi tafiya ba hayaniya, ba wanda yake son a san ya fita ko ya dawo. Ka tsaya a tsakiyar kasuwa kaya suna wucewa ta gefenka ba sauti, kamar a mafarki. Ina jin Kawu zai tsaya ya karkata kai, ya rasa inda zai nufa.

Bana Inna ta fara awon hatsi a zaure, ta buƙaci abin ɗauko buhu daga kasuwa. Muka je bayan rumbu muka birkito Zabuwa. Tsatsa ta ci gefenta, kunama ta gudu daga ƙarƙashi, amma shuɗin rubutun yana nan har da jelarsa. Ruwa da rana sun cinye man. Ina turawa sau ɗaya ta saki kuka, irin na da, ba abin da ya ragu. Inna ta zauna daɓas a kan turmi. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, wata tana ta'awizi.

Da Alhaji Mamman ya ji, ya zo da gwangwanin fenti. Ya ce doka sunan mai rai take so, don in baro ya ɓace a san wanda zai ɗauko.

Inna ta ce, "In ta ɓace ni za ni ɗauko. Sunan ƙanena bai yi abin da za a goge shi ba."

Sai ya ajiye gwangwanin, ya ce a ba shi aron baron zai kwaso taki. Ba shi da taki a ko'ina, kowa ya sani. Ya tura ta fanko ta tsakiyar kasuwa tun daga layin mahauta har masallaci, tana kuka, mutane suna miƙewa daga bakin shagunansu suna karanta sunan.

Tun daga nan Inna take ba duk mai awo aron Zabuwa, kuma masu aro da kansu suke dawo da ita. Ban sani ba ko girmamawa ce ko tsoro, don na ji yara suna cewa baron matacce ne, in ka yasar da shi zai bi ka gida.

Sau ɗaya aka yasar da ita, a makon da ya wuce. Wata tsohuwa daga Turba ta tura dawa zuwa tasha, mota tana shirin tashi, ta bar ta can kamar yadda ake yi a da. An yi ruwa da rana, gari ya yi luf. La'asar ta wuce ba Zabuwa. Inna ta ɗauki mayafi, ta ce sunan Ila ba zai sake kwana a waje ba. Na riga ta fita don in duba hanya.

Zabuwa tana tsaye a bakin ƙofa. Tun azahar ina zaure, ban ji zuwanta ba. Na durƙusa na taɓa ƙarfen taya. A bushe yake, sai jan tsatsa a yatsana. Na duba ƙasa. Yashin layinmu a jiƙe yake, amma ba layin taya ko kaɗan. Sawun ƙafa ne kawai, na babban mutum, ya nutse sosai wajen zuwa, ya yi sama-sama wajen komawa. Wani ya ɗauko baron ƙarfe a kafaɗa tun daga tasha, ya ajiye mana, don kada ta yi kuka a hannunsa.

Ban bi sawun ba. Ban san ko mai tausayi ne ba, ko wanda kunnensa ba ya iya ɗaukar wannan kukan. Kawu bai bar gida ba, bai bar 'ya'ya ba, shagonsa wani ne a ciki yanzu. Ya bar suna a jikin ƙarfe, da murya da ba ta iya ɓoye inda take, kuma akwai mutum ɗaya a garin nan da yake tsoronta. Allah ya jiƙan Kawu Ila, ya sa ya huta. Na kama hannun Zabuwa na tura ta cikin gida a hankali, yadda duk layin zai ji ta dawo.