Motar Malam Taka-Birki

A layinmu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Malam Taka-Birki kowa ya sani, har matarsa in tana son tsokanarsa haka take ce masa. Koyar da tuƙi ce sana'arsa tun yana da baƙin gashi, kuma ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan, don ko kaza ce ta gifta a can nesa sai ka ji ya daka tsawa, "Taka birki!" Motarsa 'yar ƙarama ce fara, ƙofar baya ta hagu sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. A cikinta ya koya wa 'yan kasuwa da malaman makaranta da matan aure masu tsoron babbar hanya. Da kuɗinta ya aurar da ƙannensa, ya kai babbar 'yarsa makarantar jinya.

Ciwon ido ne ya raba shi da sitiyari. Da farko gefe-gefen ganinsa ne ya fara dushewa, bai gaya wa kowa ba. Ran nan yana fitowa daga kwana, sai ga mai tura baro a gefen dama kamar daga ƙasa ya tsiro. Allah ya kiyaye, madubi kawai ya goge shi. Malam ya dawo gida ya ajiye makulli a kan firji, ya ce wa matarsa, "Na gama." Likita ya tabbatar masa hawan jinin ido ne, sai dai a yi ta ɗiga magani don kada abin da ya rage ya tafi.

Motar ta yi watanni a ƙofar gida tana shan rana, tayoyi suna sacewa. 'Yarsa ce ta ce a sayar. Ta wanke ta, ta ɗauki hotuna ciki da waje, ta sa a shafin talla na intanet. Ta so ta sa lambar wayarta, ya ƙi.

"Motata ce. Wa ya san tarinta da atishawarta in ba ni ba?"

"To Baba, amma duk wanda ya kira ka bari sai na dawo daga aiki."

Ya ce to, irin to ɗin da ake yi wa yara.

Wanda ya fara kira ya ce yana aiki a wata ƙasa, wa ɗansa zai saya. Bai nemi ragi ba. Ya ce zai turo kuɗi har da ƙari, Malam ya cire ƙarin ya tura wa kamfanin da zai zo ɗaukar motar. Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Bawan Allah, tun ɗazu ba ka tambaye ni ko tana da inji ba." Aka kashe waya. Ranar har maƙwabta sai da suka ji labarin, yana faɗa yana dariya.

Na biyu da ƙafarsa ya zo, sanye da agogo mai ƙyalli. Ya zaga motar sau ɗaya, ya daddanna waya, sai ga saƙo ya shigo wayar Malam wai kuɗi sun shiga. Ya miƙo hannu a ba shi makulli da takardu, yana sauri, wai jirgi zai bi. An yi sa'a 'yar tana gida. Ta buɗe asusun bankin da kanta, ba ta ga komai ba.

"Ai ga alat nan, Hajiya. Netwok ne."

"To mu zauna mu jira netwok ɗin. Mama, a kawo wa baƙo kujera."

Ya ce bari ya amsa waya a waje. Kujerar ba wanda ya zauna a kanta.

Daga nan Malam ya ɗauka ya gama sanin su. Masu sauri ne, ba sa ciniki, ba sa tambaya.

Na ukun bai yi sauri ba. Da hantsi ya kira, muryarsa a natse, ya yi sallama ya tambayi iyali. Ya tambayi giyar motar, ya tambayi ko tana shan baƙin mai, ko an taɓa sauke injin, ko ruwa na tafasa in an shiga cunkoso. Ya yi ciniki sosai har Malam ya ji haushi, kuma haushin ya kwantar masa da hankali. Da ya tambayi dalilin sayarwa, Malam ya saki baki ya ba shi labarin idon, da mai baro, da shekarun da ya yi yana koyarwa. Ya daɗe bai samu wanda ya saurare shi haka ba.

Can mutumin ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. An taɓa cutata a wannan shafin, na biya kafin alƙalami ashe babu motar. Yanzu zan sa a turo maka wasu lambobi a waya, ka karanto min, in tabbatar kai mutum ne na gaske. Gobe in zo da makanikena."

Tausayinsa ya kama Malam, don shi ma tsoron da yake ciki ke nan. Saƙo ya shigo. Ya kai wayar dab da hancinsa. Lambobin ya iya gani, ƙananan rubutun da ke ƙasa kuwa, inda aka ce kada ka ba kowa wannan lamba, sun zame masa hazo. Ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, har ya maimaita don kada a yi kuskure. Mutumin ya yi godiya, ya yi masa addu'ar samun lafiya.

Bayan azahar manhajar da yake hira da mutane ta ƙi buɗuwa. Ya ɗauka wayar ce ta tsufa.

Wajen la'asar aka buga ƙofa da ƙarfi. Wata tsohuwar ɗalibarsa ce, wadda yanzu take tuƙa bas ɗin wata makarantar yara. Ta shigo tana haki, mayafi a karkace, ta tarar da shi zaune a tabarma yana sauraron rediyo. Ta tsaya cak.

"Malam, ba kana asibiti ba?"

"Wane asibiti, 'yata?"

Ta nuna wa matarsa wayarta, matar ta karanta a fili. Saƙo ne daga lambarsa, da hotonsa a sama. Wai idon ya tashi, za a shiga da shi tiyata yanzu, in ba a biya ba zai makance, a taimaka a rufa masa asiri, kada a kira don ba ya iya magana. Har da sunan da ɗalibai ke kiransa da shi.

"Kin tura?" in ji Malam.

Ta sunkuyar da kai. "Malam, kai ne fa."

Ya kashe rediyon, ya juya fuskarsa wajen bango.

Da 'yar ta dawo ba ta yi masa faɗa ba, kuma ya gwammace da ta yi. Ta zauna ta fara kiran mutanen da ke cikin wayarsa. Ya karɓe, ya ce shi ya jawo, shi zai faɗa da bakinsa. Ita ke danna lamba, shi ke magana. "Ni ne. Lafiyata ƙalau. Ba ni na roƙe ka ba." Wasu suka ce sun gane tun farko. Wasu suka yi shiru, daga shirun ya san sun tura. Wani da ya koya wa tuƙi ya fashe da dariya ya ce, "Haba Malam, har kai?" Wannan dariyar ta fi komai tsaya masa a rai. Lambobin da ya karanta wa mutumin su ne makullin manhajar. Sai bayan kwanaki aka samu aka dawo da ita hannunsu. Sun kai ƙara, aka rubuta, aka ce za a neme su.

Ya aika wa mai tuƙa bas da abin da ta tura, ta dawo da shi da kanta, ta ce in ya sake za ta yi fushi. Ya ce wa matarsa gara a ce ta zage shi.

Bayan haka duk wanda ya kira a kan motar ɓarawo ne a wurinsa. Wata mai gasa burodi ta zo da mijinta har gida, mutanen kirki, ya hana su ko buɗe bonet, ya tambaye su wa ya aiko su. Suka tafi ransu a ɓace. 'Yar ta canza lambar da ke kan tallan ta sa tata. Ita ta bi mai burodin ta ba ta haƙuri. Aka haɗu da rana a harabar banki, makanike ya duba mota, aka ga katin shaidar juna, ma'aikacin banki ya tabbatar kuɗi sun zauna a asusu, sannan aka sa hannu a takardu. Malam yana kujerar bayan motar duk lokacin, da aka gama suka hau tasi suka dawo.

Yanzu ba ya ɗaga waya in bai ji matarsa ta karanta masa sunan mai kira ba. Ya rame, ya rage zama a ƙofar gida, wai kada wani ɗalibi ya wuce su haɗa ido. A cikin waɗanda aka tura wa saƙon akwai wani dattijo mai gadi da ya koyi tuƙi da tsufansa. An ga alamar ya karanta, ba a san ko ya tura ba, amma tun ranar lambarsa ba ta shiga, kuma ba wanda ya san inda ya koma. Kullum in 'yar ta dawo daga aiki, kafin ta ajiye jaka sai Malam ya ce ta sake gwada lambar.