A Mayar da Wanzami Rijiya

Ku da kunka san Baba Na-Tasha, ku faɗa mini tsakani da Allah, wa ya taɓa ganin shi zaune? Tuwo a tsaye, fura a tsaye, gaisuwa kuwa yana tafe yana amsawa, sai ka bi shi da "ina gajiya" har bakin zaure. Wai tun yana lebura a tashar jirgin Ƙaura ya gane duk wanda ya zauna, jirgi ya bar shi. Jirgi ya daina zuwa, ƙafar Baba ba ta samu labari ba.

Ni surukarsa ce, matar ɗansa. Tun da anka kawo ni gidan bai taɓa kama sunana ba, sai Ta-Shinkafi. Ba fita nake yi ba, don haka duk abin da zan faɗa na cikin gida a kan idona anka yi shi.

Dukiyar Baba a duniya kaset ɗin bidiyo ne guda, naɗe cikin tsohon rawani. Wani abokinsa ya ɗaukar masa daga talabijin, wasan ban dariya na zamanin hoto baƙi da fari. Labarin wani wanzami ne mai rawar hannu, kashi uku: na akuya, na hula, da na rijiya. Na rijiya shi ne zumar. Wanzami ya kwashe wa surukinsa gashin baki ɓari guda, ya ruga ya ɓuya cikin rijiya, sai ga surukin da guga ya zo ɗibar ruwa.

Kallon ma a tsaye Baba ke yin shi, yana kai da kawo gaban akwatin.

"Kada ka shiga! Kai wawa, surukinka na nan tahe!"

Wanzami ya shige. Baba ya tafa hannu ya dube mu.

"Kun gani? Tun ina da haƙora nike hana shi, ba ya ji!"

Akwai amininsa, Malam Ummaru na Zurmi. Sun daɗe suna gardama kan rigar wanzamin, Baba ya ce shuɗiya ce, Malam Ummaru ya rantse koriya ce. Da maigidana Sani ya sayo talabijin mai kala, Baba ya aika Zurmi cewa a taho, yau gaskiya za ta yi halinta. Malam Ummaru ya hawo kabu-kabu, ko ruwa bai sha ba anka kunna. Sai ga wanzami yadda yake kullum, toka-toka.

"Sani, sun cuce ka," in ji Baba. "Kalar ba ta kama ba."

Maigidana ya yi bayani har ya gaji. Baba ya matsa, hancinsa kamar zai taɓa gilashin.

"Amma dai diba da kyau, Ummaru. Wanga baƙin, baƙin shuɗi ne."

"Aradu baƙin kore ne!"

A haka sunka rabu, kowa ya ci gardama.

To ga inda tsumulmular Baba ta kai mu. Ranar sunan ɗana na fari, wanda muke ce wa Magaji, an kira mai ɗaukar bidiyo, ya ce a sayo sabon kaset.

"Sabo?" in ji Baba. "Ga nawa da sauran wuri a wutsiya, kamar buhun da bai cika ba!"

Ya zaro shi daga cikin bidiyo ya miƙa. Ashe daidai rijiya ya tsayar da shi da anka kira shi raɗin suna. Mai ɗauka bai duba ba, ya ɗora daga nan. Da munka zo kallo, guga na sauka kan wanzami, sai hoto ya yi tsalle, sai ga kala ta kama! Ga ƙafafun ragon suna, ga tsakar gidanmu, ga Inna Kulu matar Baba ɗauke da ƙwaryar fura tana kare fuska da gyale.

"Kai yaro, kawar da wanga abu daga huskata!" Sai ta juya wajen Baba: "Malam, ka zamna mana, ka hana mutane sakat!"

Sai kaset ya ƙare. Sunan bai ɗauku ba, wanzami bai fito ba. Wayyo Baba! Duk inda ya hango mai bidiyon nan a kasuwa sai ya nuna shi da sanda: "Ga wanda ya baro bawan Allah cikin rijiya!"

Ana nan Allah ya yi wa Inna rasuwa. Bayan sadakar arba'in, wata la'asar, na ji muryar wanzami a ɗaki. Na leƙo daga madafi. Baba na ta zirga-zirga kamar kullum. Guga ya sauka, hoto ya yi tsalle, Inna ta ce, "Malam, ka zamna mana." Wallahi sai na ga tsohon nan ya naɗe ƙafa ya zauna dirshan a tabarma. Tana raye bai taɓa bin maganar nan ba.

Daga ranar, kowace la'asar haka. Abin da ke zaunar da Baba ke nan a duniya, kuma duk gidan mun sani, ba mai faɗi.

Sai dai kaset ba ƙarfe ba ne. Hoto ya fara rawa, layi-layi ya cika shi, bidiyon ya koyi cin zare. Baba ya zaro, ya hura, ya naɗe da gindin cokali. Mai gyara ya ce in ya ƙara ci, sai dai haƙuri. Lokacin Magaji ya zama magidanci, yana da shagon tura finafinai a waya. Ya ce a ba shi ya juye a memori. Baba ya raka kaset har bakin titi yana yi masa kashedi kamar mai kai ɗiya asibiti.

Magaji ya dawo yana washe baki, wai ya zo da albishir. Ya kunna. Guga ya sauka, hoto bai yi tsalle ba. Suruki ya ja, sai ga wanzami ya ɓullo da guga a ka, suruki ya ce aljani ne, ya zubar da takalmi ya arce. Munka yi ta dariya har da hawaye. Da na waiga, Baba na tsaye.

"Ina Kulu?"

"Tsoho, ai na samo maka ƙarshen na gaskiya wurin wani a Gusau. Na yanke sunan nan da ya ɓata maka wasa."

"Wa ya aike ka? Ba ni kaset ɗina."

Magaji ya sosa ƙeya. Ashe ana gama juyewa bidiyo ya tauna zaren, ya yi kaca-kaca da shi.

Ni ban san kwamfuta ba, amma na san tela ba ya yanka ba ƙyalle. Na ce, "Kai, abin da ka yanke, ina ka zuba shi?" Ya ce wataƙila yana nan, in bai goge ba.

"To tashi!" in ji Baba. "Maza a mayar da shi rijiya!"

Magaji ya buga mashin. Ga ba wuta a shagon, sai an tada janareta. Baba ya fita zaure, ya dawo, ya leƙa tukunyata, ya tafi har tasha, ya dawo, ya tambaye ni ko na ji ƙarar mashin. Na miƙa masa fura ya ce ba ya sha. Ni ma tuwon ranar da gudaji na kwashe shi.

Gab da magariba Magaji ya shigo yana haki. Anka kunna. Ba wanda ya yi dariyar gashin baki. Guga ya sauka, ya sauka, sai hoto ya yi tsalle. Ga ƙafafun rago. Ga gyalen Inna.

"Malam, ka zamna mana!"

Baba ya zauna. Ya goge ido da hannun riga.

"Ku bar shi can. Ya saba da rijiyar, ruwan bai yi mai komi ba."

Har Baba ya bar duniya wanzami bai sake fitowa ba, kuma memorin na nan cikin rawanin, ban yarda kowa ya gyara shi ba.

Allah ya jiƙan Baba Na-Tasha, ya jiƙan Inna Kulu, ya haɗa su inuwa guda. Ya Allah, bawanka ya sha tsayuwa, ka ba shi wurin zama mai sanyi. In ya tsaya zirga-zirga, Inna na nan kusa, ta san abin da za ta ce masa.