Bakin Hajiya da Sunana

Mahaifiyata ta rubuta littattafai, ta yi majalisa, ta yi jakadanci a ƙasar waje, amma har na girma ban taɓa jin ta faɗi sunana ba. Ni ce 'yar fari, ita kuwa ba ta wasa da kunyar ɗan fari. "Ke" take ce mini, ranar da take cikin nishaɗi kuma in zama "waccan".

Abin haushin, Hajiya ba ta jin nauyin kowa. A tsakar gidanmu na Daura ta taɓa gaya wa wani ɗan takara cewa babbar rigarsa ta fi manufarsa faɗi. In an tambaye ta inda ta koyi jakadanci, sai ta ce duk matar da ta raba naman layya a dangin miji ba a yi gaba ba, ta gama makarantar. Ni kaɗai ce bakinta ke mutuwa a kaina.

Lokacin da littafina na farko ya fito ina da 'ya'ya uku, furfura ta fara leƙowa. Ban damu da abin da jaridu za su ce ba. So nake in ji ta kama sunana ta yaba, ko sau ɗaya.

Ranar ƙaddamarwa aka miƙa mata lasifika. Ta kusa cinye awa guda. Ta yabi maɗaba'a, ta yabi takarda, ta caccaki 'yan siyasar da ba sa karatu, har masu jera kujeru sun sami godiya. Marubuciya kuwa ta zama "mai wannan aiki". Na tafa tare da jama'a, raina a ɓace.

Washegari da la'asar na je yi mata sallama, zan koma Kano. Ina isa bakin ƙofa na ji muryarta ƙasa-ƙasa. Tana zaune ita kaɗai, tabarau a kan hanci, yatsarta a bangon littafin, tana karanta sunana a hankali. Ta gama, ta sake maimaitawa.

Ashe ta iya. Na tsaya a bayan labule ina share hawaye da gefen mayafi, sannan na yi sallama.

Wuf ta cusa littafin ƙarƙashin matashi.

"Ke, babi na uku ya yi tsawo."

"To, Hajiya," na ce. Na durƙusa na gaishe ta, ita kuma tana ta kallon bango.